Lambar Da Ta Ƙi Rabuwa, Da Tazarar Da Ke Tsakanin Zato Da Yaƙini



Ya ɗan uwa mai karatu, ina roƙon ka yi haƙuri da ni yau, domin zan shiga da kai fagen da da yawa daga cikinmu suka yi ban kwana da shi tun ranar da suka fito daga ɗakin jarrabawar ƙarshe ta sakandare, wato fagen lissafi. Ba zan wahalar da kai ba in sha Allahu. Abin da kake buƙata bai wuce ninkawa da rabawa da 'yar natsuwa ba.

A ranar 11 ga watan Oktoba na shekarar 2024, wata na'ura da ke birnin Dablin na ƙasar Ailan ta aika da saƙo cewa ta ci karo da wata lamba wadda ake kyautata zaton ba ta rabuwa. Washegari, 12 ga wata, wata na'urar a garin San Antoniyo na jihar Teksas a Amurka ta kammala wani gwaji na daban a kan wannan lamba, ta fitar da amsa ƙwaya ɗaya: sifiri. Da wannan sifirin ne aka rufe magana, aka shaida cewa mutumin da ya ɗauki hayar na'urorin, Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia, ya gano lamba marar rabuwa wadda ta fi duk waɗanda aka sani kafin ita girma. Jaridu sun yi ta yayata girman lambar. Ni kuwa abin da ya ja hankalina shi ne kwana ɗayan nan da ke tsakanin saƙon Dablin da sifirin San Antoniyo, da dalilin da ya sa masana suka ƙi wadatuwa da saƙon farko.

Bari mu fara da ta'arifi, kamar yadda malamanmu suka koya mana. Larabawa suna kiran irin wannan lamba al-adadul awwali, ni kuma nakan ce mata lamba ƙi-rabo. Ita ce lambar da ta haura 1, wadda babu abin da ke raba ta daidai ba saura sai 1 da ita kanta. Idan kana da dabino 12, kana iya raba shi daidai tsakanin yara 2, ko 3, ko 4, ko 6. Idan 13 gare ka, to ko dai ka bai wa yaro ɗaya duka, ko ka nemo yara 13 kowa ya ɗauki ƙwaya guda. Duk wani rabo ban da wannan sai ya bar saura. Haka 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19 suke. Tanbihi a nan: kada a rikita ƙi-rabo da wutiri. 9 wutiri ce amma 3 na raba ta, 2 kuma shafa'i ce amma ƙi-rabo ce, kuma ita kaɗai ce shafa'i a cikin danginsu baki ɗaya.

Lambar da Durant ya gano ana rubuta ta a taƙaice kamar haka: 2^136,279,841 − 1. Ma'ana, ka jera lamba 2 har guda 136,279,841, ka ninka su duka da juna, sannan ka ɗebe 1. Wanda ya karanta littafin Wafayatul A'ayan na Ibn Khallikan zai tuna da labarin mai hikimar da ya nemi sarki ya saka masa da ƙwayar hatsi 1 a gidan farko na allon shaɗaranji, 2 a gida na biyu, 4 a na uku, a yi ta ninkawa har gida na 64, sarki ya raina buƙatar, daga baya aka tarar rumbunan duniya ba za su biya ta ba. Jimillar hatsin nan ita ce 2^64 − 1, wato 18,446,744,073,709,551,615, lamba mai alƙaluma 20 kacal. To ka ƙaddara allo mai gidaje 136,279,841. Jimillar hatsinsa ita ce lambarmu, kuma alƙalumanta sun kai 41,024,320. Da za a buga ta a littafi, kowane shafi ya ɗauki alƙaluma 3,000, da an ci shafuka sama da 13,600. Da za ka zauna ka karanta ta, alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, da ka shafe kwana 474 da ɗoriya. Ta fara da 8816, ta ƙare da 551.

Wannan 551 ɗin ma ba sai an yarda da kwamfuta ba. Alƙaluma uku na ƙarshe na ninkin 2 suna zagayowa ne duk bayan mataki 100, don haka ƙarshen 2^136,279,841 daidai yake da ƙarshen 2^41, wanda shi ne 2,199,023,255,552. Ɗebe 1 daga 552, ka samu 551. Ka ga mutum da biro da takarda ya san wutsiyar dabbar da bai taɓa ganin kanta ba.

Akwai wata siffa da ta fi wannan muhimmanci. Lamba mai siffar 2^n − 1 ba za ta taɓa zama ƙi-rabo ba matuƙar ita n ɗin tana rabuwa. Duba 2^6 − 1, wato 63: tunda 2 da 3 suna raba 6, sai ka tarar 2^2 − 1 da 2^3 − 1, wato 3 da 7, suna raba 63. Shi ya sa hatsin allon shaɗaranji bai zama ƙi-rabo ba, domin 64 na rabuwa. 3 na raba shi, haka 5, haka 17. Saboda haka sharaɗi ne lambar da ke sama ta kasance ƙi-rabo, kuma 136,279,841 ta cika wannan sharaɗi. Sai dai ɗalibin usulul fiƙhi ya san cewa samuwar sharaɗi ba ta lazimta samuwar abin da aka sharɗanta. A nan ne tarko yake. Gwada 2, ka samu 3. Gwada 3, ka samu 7. Gwada 5, ka samu 31. Gwada 7, ka samu 127. Huɗu a jere, duk ƙi-rabo, har zuciya ta fara raya maka cewa ka gano ƙa'ida. Sai ka gwada 11, ka samu 2,047, wadda ita ce 23 sau 89. Ƙa'idar ta rushe a mataki na biyar.

Kada ka ɗauka ƙananan ɗalibai kaɗai ke faɗawa wannan rami. Pierre de Fermat, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi da Faransa ta taɓa fitarwa, ya duba lambobin 3, 5, 17, 257 da 65,537, waɗanda duk suke fitowa daga tsari guda, ya ga duk ƙi-rabo ne, sai ya sakankance cewa haka jerin zai ci gaba har abada. A shekarar 1732 Leonhard Euler ya nuna cewa ta shida, 4,294,967,297, ita ce 641 sau 6,700,417. Shi kuwa malamin cocin nan Marin Mersenne, wanda ake kiran dangin lambarmu da sunansa, a 1644 ya fitar da jerin lambobin sama guda 11 da ya ce su ne ke haifar da ƙi-rabo har zuwa 257. Ya sa 67 da 257 alhali ba sa ciki, ya tsallake 61 da 89 da 107 alhali suna ciki. Sai a 1903 Frank Nelson Cole ya tsaya gaban taron masana lissafi a birnin Niyok ya nuna a kan allo cewa 2^67 − 1 ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287. Tsakanin da'awar Mersenne da allon Cole akwai shekara 259.

Misalin da ya fi ba ni tsoro shi ne wani da Euler ɗin ya lura da shi. Ɗauki kowace lamba, ninka ta da kanta, ƙara ta a kai, sannan ƙara 41. Fara da 0, ka samu 41. Da 1, ka samu 43. Da 2, 47. Da 3, 53. Ka yi ta tafiya har 39, sau arba'in cur ba tare da kuskure ko ɗaya ba, duk ƙi-rabo. Wane ne a cikinmu zai gwada abu sau arba'in ya ga ya yi daidai bai rantse a kansa ba? Sai ka saka 40, ka samu 1,681, wato 41 sau 41. Malaman manɗiƙi suna kiran wannan istiƙra'i naƙisi, bin ɗaiɗaikun misalai ba tare da game su duka ba, kuma sun ce iyakar abin da yake bayarwa shi ne zato mai rinjaye.

To yaya aka san lamba mai alƙaluma miliyan 41 ba ta rabuwa, alhali da za a tara duk kwamfutocin duniya su yi ta gwada raba ta da lambobi ɗaya bayan ɗaya, da duniya ta tashi ba su ci ko ƙwayar zarra na aikin ba? A nan ne za mu koma wa saƙonnin nan biyu.

Na'urar Dablin ta yi amfani da gwajin da ya samo asali daga wata ƙa'idar Fermat, wannan karon ƙa'ida tabbatacciya. Idan lamba ƙi-rabo ce, ban da 3, to ka jera 3 adadin lambar ba ɗaya, ka ninka su, ka raba da lambar, saura zai zama 1. Gwada da 7: 3 guda shida sun ba da 729, wato 7 sau 104 da saura 1. Duk lambar da ta faɗi wannan gwaji, tabbas tana rabuwa. Amma wadda ta ci gwajin ba lallai ne ta zama ƙi-rabo ba, domin 91 tana cin sa sarai alhali ita 7 sau 13 ce. Kama da wane ba ta wane. A lambobi masu girman tamu, yiwuwar irin wannan sojan gona ƙarama ce ainun, ƙanƙantar da ta wuce misali, amma duk da haka sunan da aka bai wa sakamakon Dablin shi ne "mai yiwuwa ƙi-rabo".

Na'urar San Antoniyo kuwa ta bi hanyar da Bafaranshen nan Édouard Lucas ya buɗe a 1876, lokacin da ya tabbatar da hannunsa, ba na'ura, cewa 2^127 − 1 mai alƙaluma 39 ƙi-rabo ce, kuma Derrick Lehmer ya kammala gyara ta a wajajen 1930. Ga yadda take, kuma ina so ka ɗauko biro. Fara da 4. Ninka ta da kanta, ɗebe 2, raba da lambar da kake gwadawa, ka riƙe saura. Maimaita haka da sauran da ka riƙe, adadin lambar sama ba biyu. Mu gwada 31, wato 2^5 − 1, mataki uku ke nan. 4 sau 4 ba 2, 14. 14 sau 14 ba 2, 194, raba da 31, saura 8. 8 sau 8 ba 2, 62, raba da 31, saura sifiri. Idan ka yi wa 2,047 haka, bayan mataki tara za ka tsaya a kan 1,736, ba sifiri ba. An kafa hujja yankakkiya cewa wannan gwaji yana aiki gaba da baya: in ƙi-rabo ce sai sifiri ya fito, in sifiri ya fito to ƙi-rabo ce, babu 91 da za ta sulale ta tsakiya. Wannan 'yar dabarar da ka yi yanzu da biro, ita ce na'urar ta maimaita sau 136,279,839. Kuma ko bayan fitowar sifirin ba a yi shela ba sai ranar 21 ga Oktoba, bayan wasu mutane sun sake lissafin da manhajoji daban a kan na'urori daban, domin hujja ba ta kuskure amma na'ura tana yi.

Wannan ɗabi'ar ce nake ganin muna da ƙarancinta, mu matasan da ke yawo a intanet. Kusan kowane mako sai wani ya turo mini saƙo mai ɗauke da lissafin lambobi: an ƙirga kaza, an haɗa da kaza, an raba da kaza, ga abin mamaki ya fito, a tura wa mutum goma. In ka tambayi mai turowar ko ya ƙirga da kansa, sai ya ce ai misalan sun yi yawa, ba zai yiwu a ce dace ne ba. Misalan Euler arba'in ne, ɗan uwa. Kuma mun ga inda wannan hanya ta kai wani. Rashad Khalifa, Bamisire masanin kimiyya da ya zauna a garin Tuson na jihar Arizona, ya fito a shekarun 1970 da da'awar cewa Alƙur'ani gaba ɗaya an gina shi a kan lamba 19, wadda ita ma ƙi-rabo ce. Mutanen kirki da yawa sun yi murna, sun yaɗa. Da ƙirgarsa ta ƙi daidaita, maimakon ya zargi ƙirgar, sai ya ce ayoyi biyu na ƙarshen Suratut Tauba ba sa cikin Littafin, daga baya ma ya yi da'awar manzanci, wal iyazu billah. Masanin lissafi na gaskiya idan ya ci karo da 2,047 jefar da ƙa'idarsa yake yi, ba ya goge 11 daga cikin lambobi. Wanda ya rataya imaninsa a kan ƙirgar da bai bincika ba, ranar da wani ɗan aji uku ya nuna masa kuskuren ƙirgar me zai riƙe?

Wani zai ce, to mene ne amfanin ita lambar kanta? Tambaya ce mai kyau, musamman da yake rahotanni sun ce Durant ya kashe kusan dala miliyan 2 wajen hayar na'urori a ƙasashe 17, alhali ladan da ƙungiyar GIMPS ke bayarwa kan irin wannan ganowa dala 3,000 ne. Sau da yawa za ka ji an ce da irin waɗannan lambobi ake tsare asusun banki da saƙonnin waya. Maganar rabinta gaskiya ce. Tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda aka ƙirƙiro a 1977, yana dogara ne da lambobi ƙi-rabo masu alƙaluma 'yan ɗaruruwa waɗanda ake ɓoyewa, kuma ƙarfinsa yana cikin wahalar gano su daga sakamakon ninka su. Lambar da duk duniya ta sani, mai alƙaluma miliyan 41, ba ta da wani aiki a wurin. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne farautar tana haifar da amfani a gefe. A 1994 Thomas Nicely yana tsakiyar bincike kan tagwayen lambobi ƙi-rabo ya bankaɗo kuskuren rabawa a ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Pentium, kuma manhajar Prime95 da George Woltman ya rubuta don wannan farauta, wadda ya kafa wa ƙungiya a 1996, masu haɗa kwamfuta sun daɗe suna gwada lafiyar na'urorinsu da ita. Ni dai da nake koyarwa a ajin da rufinsa ke yoyo, in aka ba ni dala miliyan 2 na san inda zan kai su. Amma ba zan kira neman sanin gaskiyar wani abu wauta ba don kawai ba a sayar da shi a kasuwa.

Magabatan masana na daular Musulunci ma ba su kira shi haka ba. Tun zamanin Iƙlidis na Iskandariyya aka san cewa duk lokacin da 2^n − 1 ta zama ƙi-rabo, in ka ninka ta da rabin 2^n za ka samu abin da Larabawa ke kira al-adadut tamm, lamba kammalalliya, wadda in ka tara duk masu raba ta ban da ita kanta sai su ba ka ita daidai. 3 ta haifi 6, wato 1 da 2 da 3. 7 ta haifi 28, wato 1 da 2 da 4 da 7 da 14. 31 ta haifi 496, 127 ta haifi 8,128. Al-Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, ya yi ƙoƙarin tabbatar da cewa duk wata kammalalliya shafa'i ta wannan hanya kaɗai take zuwa, hujjar ba ta cika a hannunsa ba sai a hannun Euler bayan ƙarni bakwai. Shi ne kuma ya riga Turawa sanin cewa in ka ninka duk lambobin da ke ƙasa da wata ƙi-rabo ka ƙara 1, to za ta raba sakamakon: 1 sau 2 sau 3 sau 4 da ƙarin 1 ya ba da 25, kuma 5 na raba ta. Yau littattafai suna jingina wannan ƙa'ida ga Wilson na Ingila, wanda aka buga ta da sunansa a 1770. Kafin Ibnul Haisam akwai Sabit bin Ƙurra, mutumin Harran da ya rasu a Bagadaza a 901, wanda ya fitar da hanyar samo lambobi masoya juna irin 220 da 284. Adalci ya sa in faɗa cewa Sabit ba Musulmi ba ne, Basabi'e ne, duk da sau da yawa za ka ga an jera shi cikin malaman Musulunci a saƙonnin da ake turawa. Wannan ma wani abu ne da ake yaɗawa ba bincike. Ganowar Durant ta zo da sabuwar lamba kammalalliya a goye, mai alƙaluma sama da miliyan 82. Ko akwai kammalalliya wutiri? Fiye da shekara dubu biyu ana nema, ba a samu ba, kuma ba a tabbatar babu ba, don haka masana suka bar mas'alar a buɗe.

Ko a wajen ba ta matsayi sun yi taka-tsantsan. Ba su ce ita ce ta 52 a jerin lambobin Mersenne ba, cewa suka yi ta 52 cikin waɗanda aka sani, saboda lokacin da aka gano ta akwai lambobin sama masu yawa a ƙasa da ita da ba a gama tantancewa ba. Sun taɓa gani: a watan Agustan 2008 aka gano 2^43,112,609 − 1, bayan mako biyu sai ga 2^37,156,667 − 1 ta ɓullo a ƙasa da ita, a 2009 kuma 2^42,643,801 − 1 ta sake shiga tsakani. Ba su kuma ce ita ce ƙi-rabo mafi girma da ke akwai ba, domin Iƙlidis ya rufe wannan ƙofa tun kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam: duk jerin ƙi-rabo da ka kawo, ninka su ka ƙara 1, babu ɗaya a jerinka da za ta raba sakamakon, don haka dole akwai wata a waje. Ninka 2, 3, 5, 7, 11 da 13 ka ƙara 1, ka samu 30,031, wadda ita ce 59 sau 509, ga sababbi biyu da ba sa jerinka.

Ga aikin gida ga mai sha'awa. Yi wa 127 gwajin Lucas, mataki biyar. In ka bi daidai za ka ga 14, sai 67, sai 42, sai 111, sai sifiri. Wanda ya gama ya gwada 8,191, wato 2^13 − 1, mataki goma sha ɗaya, da biro da takarda, kada ya taɓa waya.